"Ba A Gani, Ba A Ji, Kuma Ai Aljani Ne": Hukuncin Masu Kallo A Karkara Kan Fim Ɗin Rikita Tunani

Wanda ke son sanin yadda fim ya karɓu a karkarar Kano da Jigawa, ya je rumfar mai caji da tura fina-finai ranar kasuwa, ko Wudil ranar Juma'a ko Maigatari ranar Alhamis, ya samu benci ya zauna. A nan ake yanke wa fim hukunci. Saurayi zai miƙo memori ya ce, "Malam, zuba min sababbi, amma don Allah ban da irin na rannan mai duhun nan." Mai turawa ba ya musu. In mutum biyar suka faɗi haka a yini ɗaya, fim ɗin ya fita daga sahun waɗanda yake tallatawa, ya koma can ƙasan kwamfuta, sai in an tambaya.

Irin fim ɗin da ya fi shan wannan hukunci shi ne wanda nake kira na rikita tunani: labarin da tsoronsa da zulluminsa suke fitowa daga cikin kan mutum, babu dodo, babu bindiga, babu tseren motoci. Mai kallo yana bin mutum ɗaya, a hankali ya fara shakkar ko abin da mutumin nan yake gani da ji gaskiya ne. Matasan masu shirya fim suna son sa saboda araha: gida ɗaya, 'yan wasa huɗu ko biyar, kwana bakwai zuwa goma na ɗauka. Lissafinsu daidai ne. Paranormal Activity na Amurka, wanda aka fara nunawa a 2007, a gidan daraktan aka ɗauke shi da kimanin dala 15,000. Inda ake ɓata rawa da tsalle shi ne bayan fim ya fita, a ji ƙorafin mutanen ƙauye, sai a ce ai ba su waye ba ne, waƙa da rawa kawai suka sani. Wannan magana tana min ciwo. Mutanen da suka tashi da tatsuniyar dare da labarin dannau da na mayu, babu wanda zai koya musu zullumi. Kusan kowane ƙorafi nasu, in ka bi sawunsa, zai kai ka ga takamaiman wurin da aka yi sakaci a aikin.

Don mu samu abin riƙewa, mu ƙaddara labari irin wanda aka saba shiryawa. Wata mai jego ce a gidan miji a ƙauye, mijin ya tafi ci-rani, ya bar ta da uwarsa da uwargida. Kullum tsakar dare tana jin ana daka a tsakar gida, in ta ɗaga asabari ta leƙa babu kowa, turmi ma a kife yake. Kayanta suna canza wuri. Ta fara zargin abokiyar zamanta. Tambayar da fim ɗin ya rataya a kai: ana yi mata ne, ko kanta ne yake yi mata?

Ƙorafin farko, wanda ya fi kowanne yawa: "Ba a ganin komai." Darakta zai rantse ana gani, kuma bai yi ƙarya ba, domin shi a babbar kwamfuta ya duba, a ɗakin edita mai labule a Zoo Road. Mai kallonsa kuwa da ƙaramar Itel ko Tecno yake kallo, a gindin darbejiya da rana tsaka, ya rage hasken waya don caji ya kai shi dare. Sannan fim ɗin da ya iso wayarsa ba shi ne wanda ya bar hannun edita ba. An matse shi don ya shiga memori: fim na minti 90 mai gigabayit da yawa ya koma megabayit 200 ko 300, wani lokacin ma a sake juya shi don wayoyi masu madanni. Manhajar da ke matse bidiyo kuwa da wuraren duhu take fara rage kaya, saboda a nan ne bambancin launi ya fi ƙanƙanta. Fuskar da darakta ya ɓoye rabinta a inuwa da gwaninta sai ta koma baƙin tabo mai murabba'ai.

Maganin abin a wurin ɗauka yake. Dare a fim haska shi ake yi, sannan a rage a wajen tacewa. A sa abin da ke ba da haske a cikin hoton kansa don ido ya yarda: fitila mai caji a kan kwalla, tocila a hannu, ko aci-balbal a madafi. Ainihin hasken kuma ya fito daga fitilar LED mai batir, a haska ta kan farin yadi ko farin kwali ya dawo kan fuska a tausashe. A ƙara wata ƙarama daga baya, sama kaɗan da kafaɗa, ta zana gefen kai da hijabi, domin katangar jar ƙasa shanye haske take yi, kuma baƙar fata a jikin jar katanga cikin duhu haɗewa suke. Saboda haka ma kada a sa wa tauraruwar baƙin hijabi ko ruwan ƙasa a fitowar dare. Ruwan toka mai haske ko ruwan madara ya fi. Lallai a ga ɗigon haske a ƙwayar idonta, don a irin wannan fim ido ne ke ɗauke da labari. A ƙananan kyamarori, in aka ɗaga ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke ƙara wa hoto haske, ya wuce 1600 hoto yakan fara yin yashi-yashi, kuma wannan yashin shi ne abin da matsewa ta fi lalatawa. In ana ɗauka a hoto 25 cikin daƙiƙa, a ajiye saurin murfin kyamara a 1/50, saboda wutarmu mai hertz 50 ce. Ƙwan da ke kan ƙaramin janareta kuwa yakan yi ƙyaf-ƙyaf a hoto ko da an yi haka, tunda injin ba ya tsayawa a gudu ɗaya. Shi ya sa fitila mai batir ta fi aminci. Gwajin duka wannan minti goma ne: tun daren farko a yanko minti biyu, a matse shi zuwa 360p, wato ƙaramin hoto irin na waya, a tura ƙaramar waya, washegari da azahar a fita waje a kalla da rabin haske. In ba a ga idon 'yar wasa ba, a gyara fitilu kafin dare na biyu.

Wani ɗan abu da ke shiga wannan babin: saƙon waya ko wasiƙa da ake nunawa a rubuce, a ce a nan sirrin labarin yake. A ƙaramar waya ba ya karantuwa, kuma cikin masu kallo akwai da yawa da ba su yi nisa a boko ba. A sa wani a cikin fim ɗin ya karanta a bayyane.

Na biyu: "Ba a jin abin da suke faɗa." Masu fim ɗin rikita tunani suna ƙaunar raɗa da kiɗa mai gurnani daga ƙasa. Lasifikar waya ba ta iya fitar da wannan gurnanin. Sautin da ya yi ƙasa da hertz 200 zuwa 300 kusan ɓacewa yake. Kiɗan da ya sa tsigar jikin edita tashi a cikin abin kunne, a tsakar gida babu shi sam. Ka duba yadda mata ke kallo: waya ɗaya ce a jingine cikin kwanon sha don ƙara ta ƙaru, mutum biyar ko shida sun kewaye ta a kan tabarma, wata na tsince shinkafa, yaro na kuka, akuya na neman shiga madafi. A gidan kallo kuma janareta ne ke ruri a bayan langa-langa. Raɗa ba ta tsira a waɗannan wurare.

A maƙala wa kowane mai magana ƙaramin makirfo kamar taƙi ɗaya ƙasa da haɓa. In a ƙarƙashin hijabi ne, a manne shi da filasta yadda yadi ba zai goge shi ba, in ba haka ba duk motsi sai an ji ƙwaras-ƙwaras. Makirfon da ake riƙewa a kan sanda kada ya yi nisan da ya wuce kamu ɗaya da rabi daga baki. Janareta a kai shi mita 40 zuwa 50, a bayan katanga, a jawo doguwar wayar wuta. Wajen ɗauka, ƙololuwar murya ta tsaya kusa da -12 a ma'aunin na'ura, don ihu ya samu wurin hawa ba tare da ya fashe ba. Kafin a tashi daga kowane ɗaki, kowa ya yi tsit a ɗauki sautin ɗakin na minti ɗaya. Da shi edita zai cike giɓi tsakanin maganganu. A tambayi mutanen gida ƙarfe nawa injin niƙa yake tashi, a kauce wa lokacin, a kuma dakata lokacin kiran sallah. Ɗakin ƙasa mai azara ya fi ɗakin siminti da babu kaya, wanda murya ke amsa kuwwa a ciki, kuma da damina rufin kwano ba ya barin a ɗauki magana ko da yayyafi ake.

Raɗa kuma a fim dabara ce: ɗan wasa ya sassauta murya amma ya furta kowane harafi, edita ya ɗaga ta ta kusa kai maganar yau da kullum. Maimakon gurnanin kiɗa, a nemi sautin da waya ke fitarwa tsaf, kuma ƙauye cike yake da su: dukan taɓarya, ƙarar ƙyaure, guga na bugun bakin rijiya, kukan mujiya, kukan gyare. Gyare ma ya fi kowane kiɗa aiki. A bar shi yana kuka tun farkon fitowar dare har kunne ya saba, sannan a yanke shi ɗif daidai lokacin da ta ɗaga asabari. Duk wanda ya taɓa kwana a ƙauye jikinsa ya san ma'anar gyare ya yi shiru. Amma shirun kada ya wuce daƙiƙa uku ko huɗu, don in ya daɗe mai kallo zai ɗauka fim ɗin ne ya lalace, ya fara jijjiga waya.

Waɗannan biyun gyaransu na kayan aiki ne. Na uku shi ne mai nauyi, kuma a kansa ake musu har a raba dare.

Kafin a kai minti 20, wata dattijuwa cikin masu kallo za ta ce, "Wannan yarinya iska ce ta shige ta." Wata ta ce, "A'a Goggo, sammu ne, ba ki ga kallon da uwargidan ke mata ba?" Darakta ya ji haka sai ransa ya ɓaci, domin shi ciwon ƙwaƙwalwa yake nufi, ya ce ba a fahimci fim ɗinsa ba. Alhali kyauta aka ba shi. Takwaransa na Turai bayani biyu gare shi: ko ana cutar ta, ko tunaninta ya taɓu. Mai kallon Ringim ko Gaya yana zuwa da uku a ransa: aljani, asiri, ciwo. Labarin da ya iya riƙe ukun nan a raye har kusa da ƙarshe ya samu zullumin da kuɗi ba ya saye.

Abin da masu kallo ba sa yafewa shi ne fim ya yi kamar bai san da biyun farko ba. A gidan gaske, mai jego ta ce tana jin daka cikin dare, kafin gari ya waye uwar miji ta yi mata tofi. Washegari an karɓo rubutu. An turara habbatus-sauda, an kira malam ya yi ruƙiyya, an aika wa iyayenta. In aka yi awa guda ana kallo babu wanda ya ce "a kira malam", mutane za su ce wannan ba gidan Hausawa ba ne, kuma daga nan sun daina yarda da komai. Dole labari ya bi ta waɗannan matakai, kuma kowannensu fitowa ce mai ƙarfi in an iya. A ce bayan ruƙiyya ta samu barci dare biyu, kowa ya yi hamdala, mai kallo ma ya saki jiki, dare na uku dakan ya dawo.

Haka kuma suna kama kurakuran al'ada da marubucin birni ba ya lura da su. In aka ce haihuwar fari ce, tambayar farko ita ce, "Me take yi a gidan miji? Ina wankan gida?" Al'ada ce mai haihuwar fari ta koma gaban iyayenta ta yi arba'in. To ko dai a mayar da ita haihuwa ta biyu, ko a ba da dalili a baki, kamar mahaifiyarta ta rasu. Ina mai yi mata wankan jego safe da yamma? Ina kunun kanwa? Wannan tsohuwar mai wanka ma mutum ce da labari ke buƙata, don ita ce ke ganin jikin mai jego kullum, ita za ta fara lura da abin da wasu ba su gani ba. Sannan yadda ake kiran juna: ta ce wa uwar miji "Inna", ta ce wa uwargida "Yaya", kuma ba za ta kama sunan mijinta gatsau a gaban mahaifiyarsa ba. Ranar da ta kira uwargida da sunanta tsirara a tsakar gida, mata masu kallo za su dafe ƙirji, don sun san wani abu ya karye a cikinta. Wannan ya fi a nuna ta tana fasa kwanuka.

Game da ciwon kansa, ina roƙon masu shirya fim su yi tambaya kafin su rubuta. Rikicewar tunani bayan haihuwa abu ne sananne a likitance. Yana samun kimanin mace 1 zuwa 2 cikin kowace haihuwa 1,000, galibi cikin mako biyun farko. Yakan fara da rashin barci ko da jariri ya yi barci, sai yawan magana ko shiru mai tsanani, sai zargi, sai jin muryoyi ko sautin da babu shi. Yana buƙatar asibiti da gaggawa, kuma ana warkewa. A fim kuwa sai a tsallake duk wannan a nuna mace da yagaggen zane da gashi a tsaye tana dariya ita kaɗai. Samari a gidan kallo su fashe da dariya, zullumi ya watse. Waɗanda suka taɓa jinyar 'yar'uwa kuma su yi shiru, ransu a ɓace, domin sun san ba haka abin yake ba. Tsoron gaske yana wurin macen da ta yi wanka ta yi kwalliya, ta gaida Inna da ladabi, amma kwana huɗu ba ta runtsa ba, kuma ta ɓoye jaririnta a bayan gado don kada a gan shi.

Akwai alhaki a nan. A ƙauye, in aka ce gidan su wance akwai taɓin hankali, har ƙannenta sai sun sha wahalar samun miji. Fim ɗin da ya mai da mai ciwo dodo ya ƙara wa wannan wuta itace. Wanda ya nuna an yi addu'a an kuma kai ta asibitin ƙwaƙwalwa, ko na Dawanau a Kano ko na Kazaure a Jigawa, ta dawo ta rungumi ɗanta, ya gaya wa wani gida abin da ba su sani ba. A Janairun 2023 ne aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, amma labarin doka ba ya isa tsakar gida yadda fim ke isa. Kuma kada a wulaƙanta malam don a ɗaukaka likita. Masu kallo ba za su karɓa ba, kuma a zahiri sau da yawa malamin kirki ne ke cewa, "Alhaji, a haɗa da asibiti."

Sai ƙorafin "ya cika jan rai". Masu fim sukan ɗauka zullumi shi ne a ɓoye wa mai kallo komai. Darakta Alfred Hitchcock, wanda ya yi fim ɗin Psycho a 1960, ya daɗe da bambance abin da misalin bam a ƙarƙashin tebur: in ya tashi ba zato, an razana na 'yan daƙiƙu, in an nuna wa mai kallo shi tun farko, duk hirar da ake yi a teburin ta zama abin fargaba. A namu, nuna wa mai kallo uwargida tana zuba wani gari a kunun mai jego, kada ka faɗa masa ko magani ne ko mugun abu. Yanzu kwanon kunun nan da ke ajiye a bakin ƙofa ya isa ya riƙe mutane minti biyar. Ƙa'idar da nake ba da shawara: duk minti takwas zuwa goma, mai kallo ya san wani sabon abu da zai sa ya canza wanda yake zargi. Tafiya a hankali ba laifi ba ce. Maimaita fitowa ɗaya sau huɗu, tana farkawa tana leƙawa tana komawa, shi ne laifi. Kuma dakan farko ya zo kafin minti na biyar, saboda mai saye a rumfa yakan ce a buɗe masa ya gani, mai turawa ya ja gaba sau biyu ko uku, a nan ake yanke shawara.

Waiwaye ma, wato komawa baya a labari don nuna abin da ya faru a da, yana rikita mutane in ba a yi masa alama ba. Masu kallon nan sun saba da fassarar fina-finan Indiya, inda mai fassara kan taimaka da bayanin inda aka dosa, kuma da yawa kallon gutsure-gutsure suke yi, rabi yau rabi gobe in an samu caji. Canza launin hoto kaɗai ba ya isa a ƙaramar waya. A yi alama da abin da ido ya sani: lokacin amarci da baƙin lalle a hannu da ƙafa, lokacin jego babu; da can rumbu cike da damman gero, yanzu ya yi ƙasa.

Kan waƙa, gaskiya ne ana tambaya, "Babu waƙa?" Amma waƙar soyayya a lambu a tsakiyar wannan labari tana kwance duk abin da aka ɗaure. A sa waƙar a cikin gidan: waƙar reno da take yi wa jariri, ko waƙar daka. Ta rera ta da rana cikin nishaɗi a farkon fim, sannan a ji ta cikin dare daga tsakar gida, ba a ga mai yi ba. Haka ƙa'idar da Kannywood ta daɗe a kai, ta rashin taɓa juna tsakanin namiji da mace, wadda Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, da aka kafa a 2001, ke sa ido a kai, ba ta rage wa irin wannan fim komai. Inuwar mutum a jikin asabari ta fi shaƙe wuya ban tsoro.

Ƙarshen fim shi ne inda ake jin kalma mafi zafi: "An ci mana kuɗi." Abu biyu ke jawo ta. Ko a ce duk mafarki ne, ko a yanke fim ba a faɗi komai ba, wai mai kallo ya yanke da kansa. Mai kallon karkara yana bin labari ne da tambayar haƙƙi: wa aka zalunta, wa ya ɗauki alhaki? An yi awa ɗaya da rabi ana zargin uwargida, in ba ta da laifi, yana son ya ga an wanke ta, ya ga wanda ya ce mata, "Yaya, ki yafe min." Babbar tambaya dole a amsa ta. Ƙarama ce ake iya bari a buɗe.

Kuma amsar ta zama an shuka ta tun baya, aƙalla sau uku, a fili. In ita ce ke fita cikin dare tana dakan ba ta sani ba, to a minti na 15 a ga ƙura a tafin ƙafarta da safe. A minti na 35 mai wanka ta kama hannunta ta ce, "Ke kuwa me ya sa tafinki ya yi ja haka, mai jego da ba ta aiki?" A minti na 55 a ga ƙaiƙayi a gefen zanenta. Maza da yawa za su wuce waɗannan, mata kuwa za su cafke na biyun nan take, don sun san hannun da ya riƙe taɓarya. Daga nan musu ya tashi tsakanin wadda ta gano da wadda ba ta gano ba, a sake kallo don a tabbatar, a aiki yaro rumfa ya turo wa maƙwabciya.

Duk wannan ana iya jin sa kafin fim ya fita, in an yi gwajin kallo, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Tun wajen kasafi a ware kashi 10 cikin 100 da kwana biyu na sake ɗauka, a kuma gaya wa 'yan wasa da masu gidan da aka yi aiki cewa za a iya dawowa. In an gama haɗin farko, a zaɓi ƙauyen da ba a yi ɗaukar a cikinsa ba, don waɗanda suka ga gidansu da 'yan'uwansu a fim ba labari suke kallo ba. A fara gaida mai unguwa ko dagaci a faɗa masa abin da ya kawo ku. A yi zama biyu, mutum 15 zuwa 20 kowanne: maza bayan isha'i, mata a cikin gida tsakanin azahar da la'asar, kuma mace ce za ta jagoranci nasu. A nuna matsattsen kwafin, rabin mutane a talabijin, sauran a waya, ba ainihin mai nauyin ba. Darakta kada ya zauna a wurin, domin kara za ta sa kowa ya ce, "Ma sha Allah, an yi ƙoƙari."

Mai lura ya zauna a gefe da agogo da takarda, fuskoki yake kallo. Ya rubuta mintin da aka fara hira, mintin da wani ya ce "me ta ce?", mintin da aka yi dariya inda ba a nufi dariya ba, da mintin da wani ya tashi. A tsayar da fim a minti na 30 da na 60 a tambaya, "Yanzu wa kuke zargi?" In kowa ya ba da amsa ɗaya kuma ita ce daidai tun a minti na 30, an tona asiri da wuri, a cire alama ɗaya. In a minti na 60 babu ko mutum ɗaya da ya kusanto, alamun sun yi ɓoyo, a matso da kyamara kan tafin hannun nan. In an gama, kada a tambaya ko ya yi kyau. A ɗauki mutum uku daban-daban, tsohuwa da matashiya da saurayi, kowa shi kaɗai, a ce, "Ba ni labarin daga farko, kamar ban gani ba." Inda mai ba da labari ya tsallake, fitowar ba ta da aiki, a rage ta. Inda ya ƙara abin da babu shi a fim ɗin don labarin ya haɗu, a nan giɓi yake, kuma shi za a koma a ɗauka a kwana biyun da aka ware.